Gurbin Dara, Macijin Nokia da Teburin Mai Tura

Kafin a gina rukunin gidajen Kundila, kafin a aza harsashin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yankin nan da ke kudu maso gabashin birnin Kano ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa. Tarauni, Gyaɗi-Gyaɗi, Darmanawa, Daurawa, Unguwa Uku, duk manoma ne a zaune, suna noma gero da dawa da gyaɗa suna kai wa birni. Manomi kuwa yana da rani. In an gama girbi an cika rumbu, aikin gona ya kwanta, sai sana'ar hannu da fatauci ga mai yi, sai kuma zaman inuwa bayan la'asar. A wannan zaman dara take samun mutanenta.

Kayanta ba sa cin ko kwabo. Mutum ya share ƙasa da tafin hannu, ya dangwala gurabe 30, layi 5 kowane da gida 6. Wannan ya karyo kara 12, wancan ya tsinto duwatsu 12. Da farko zubi ake yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin zubi ba a yarda kowa ya jera uku ba. In 'ya'ya sun ƙare a hannu, gidaje 6 kacal suka rage babu kowa, a cikinsu za a yi duk gwagwarmayar. Ana matsa ɗa taki ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka koma 2 ya faɗi, don ba shi da sauran abin jerawa. Burin gwani shi ne ya shirya 'ya'yansa yadda ɗa ɗaya zai riƙa kai da komowa tsakanin gidaje biyu, duk motsin da ya yi ci ne. Masu dara a Nijar suna ce wa irin wannan shiri doki, kuma wanda aka hau masa shi ya san yamma ta yi masa.

Mutum biyu ke zaune a kan gurabe, amma dara ba ta mutum biyu ba ce. Akwai 'yan kallo a tsugune, akwai mai gyaran murya in ya hango tarko, akwai dattijon da ba ya cewa uffan sai an tashi, sannan ya nuna da tsinke inda aka yi ɓarna tun a zubi. Kuma ƙa'idojin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Wani gari an yarda mutum ya jera huɗu amma ba ci ba ne, wani gari ba a ma yarda a jera ba. Wani wuri ba a taɓa ɗan da ke cikin jeren uku, wani wuri ana cirewa. Shi ya sa baƙo in ya zauna, kafin ya ɗauki kara sai ya tambaya, “Yaya kuke yi a nan?” Babu wanda ya rubuta waɗannan ƙa'idoji a takarda ya raba. Majalisa ce ta gwada, ta ga wadda ke kashe wasa da wuri ta yar, ta riƙe wadda ke tsawaita gardama. Zabarmawa suna ce mata dili, Dakarkari a ƙasar Zuru sun shahara da ita, Charles Béart ya rubuta danginta a littafinsa na wasannin Afirka ta Yamma a 1955, R. C. Bell kuma ya gabatar da ita ga masu karatun Ingilishi a 1960. Duk sun tarar da ita a gyare ne, ba sunan maƙirƙiri a kanta.

Da dare, a tsakar gida, aikin ya koma hannun mata da yara. Kacici-kacici yana da tsarin da ya kamata duk mai ƙirƙirar wasa ya tsaya ya duba. Mai tambaya ya jefa, masu amsa su yi ta lalube, in sun gaza ba a barin su a rataye. Sai su ce sun ba shi gari: Zariya, ko Katsina, ko Makka. In garin bai yi masa ba ya ƙi karɓa, a ƙara masa wani, sannan ya warware. Wanda ya kasa ya biya wani abu, ko da na baki ne, ya kuma tashi da amsa. Gobe shi zai jefa wa wani. Haka ma tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa masu tsawo, irin na mutumin da zai haye kogi da kura da akuya da harawa a kwalekwalen da ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya. Wannan tambaya tana da 'yar'uwa a rubutun Turai tun wajen shekara ta 800, da kyarkeci a madadin kura. Kowace ƙasa ta saka dabbar da take tsoro.

Akwai kuma ɓangaren malamai, kuma a nan ne ake samun suna da shekara. Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, malamin lissafi da taurari daga ƙasar Katsina, ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. A 1732 ya yi rubutu kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara: 3 sau 3, 5 sau 5, har sama. A hatimin 3 sau 3, ana zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. A na 5 sau 5 jimillar 65 ce. Almajiran ƙasar Hausa sun san hatimi a kan allo da cikin laya, amma a gindinsa lissafi ne tsantsa, kuma al-Kashnawi bai tsaya ga nuna amsa ba. Ya shimfiɗa hanya, ya kuma ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa kada ya yanke ƙauna in ya kasa da farko. Duk wanda ya taɓa zama da Sudoku a bayan jarida yana jin ƙamshin wannan aiki, ko da yake Sudoku ta biyo wata hanya ce daban: wani Ba'amurke, Howard Garns, ya fitar da ita a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke ta a 1984, jaridar The Times ta Landan ta watsa ta duniya a ƙarshen 2004.

Daga 1967, da aka ƙirƙiro Jihar Kano aka naɗa Audu Baƙo gwamna, birni ya fara malalowa ta hanyar Zariya da ta Maiduguri. Aka yi gidan zu, titinsa ya zama Zoo Road. Aka yanka filaye, ma'aikata da 'yan kasuwa suka gina gidaje inda ake noma. An kafa asibitin koyarwa a 1988. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Tarauni tana da mutum sama da 220,000 a fili da bai kai murabba'in kilomita 30 ba. Ƙasar da za a dangwala gurbi ta ragu, siminti ya rufe ƙofar gida, benci ya maye gurbin tabarma.

Sai wasannin kwali suka shigo: lido, draf, karta. Whot ta fi kowacce nuna halin mutanen nan. Wani Bature, William Storey, ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1935, amma a Najeriya ta samu gida, da ƙa'idar ɗaukar biyu, da ta tsayar da na gaba, da wadda ke tura kowa kasuwa ya ɗebo. Har yau in majalisa biyu suka haɗu sai an daidaita wace lamba ke yin me kafin a raba. Malamai kuwa ba su daina gargaɗi ba kan duk wasan da ya kai ga caca ko ya sa a wuce lokacin salla, kuma wannan gargaɗi yana cikin abin da ya tsara wasa a Kano: majalisar kirki takan watse da kiran magariba ko da wasa ya ɗau zafi.

A shekarun 1990 wata 'yar na'ura mai batir ta cika hannun yara, ta roba, mai fuska toka-toka, ana jera tubala suna faɗowa daga sama. Yaran Gyaɗi-Gyaɗi da ke karɓa-karɓa da ita a bakin makarantar allo ba su san cewa asalin wasan Tetris ne ba, wanda Alexey Pajitnov ya rubuta a Mosko a tsakiyar shekarun 1980 a kan wata kwamfuta mai suna Elektronika 60, wadda ba ta ma iya nuna hoto sai baƙaƙe. Mutum ɗaya ne, a ofishin gwamnati, ya ba abokan aikinsa su gwada, suka kasa ajiyewa. Ya yi shekaru fiye da 10 bai ga ko sisi daga wasansa ba. Bayan wannan aka buɗe gidajen gem a lunguna, da Sega, daga baya PlayStation, yaro ya biya kuɗin minti ya buga ƙwallo da abokinsa, janareta na ruri a waje.

Babban juyin ya zo a watan Agustan 2001, da Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 a minti, don haka wayar ta fi zama a aljihu fiye da kunne. Abin da ba ya cin kuɗi a cikinta shi ne maciji. Nokia 3310 ta zo da Snake II, ƙanen wanda wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Taneli Armanto, ya saka a Nokia 6110 a 1997. Maciji yana ci yana tsawo, tsawonsa ne kuma ke kashe shi. Masu jinya a harabar asibitin Malam Aminu Kano, direbobi a tashar Unguwa Uku, matan aure da suka ari wayar maigida, duk sun san shi. Kuma nan da nan aka mayar da shi abin majalisa: a miƙa waya hannu zuwa hannu, a ga wanda zai goge makin wani.

A wannan zamanin ne kasuwar waya ta Farm Centre ta tashi a Tarauni, ta zama inda ake zuwa daga jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar sayen waya, sabuwa ko ta hannu, da caja da batir da gilashi. A gefen masu sayarwa da masu gyara wata sana'a ta tsiro wadda ba a san ta ba a da: masu tura. Matashi da kwamfutar cinya da tarin igiyoyi a kan tebur, ka ba shi memori ko waya, ya cika maka da karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙoƙi, fina-finan Hausa da na Indiya masu fassara, ya ƙara maka gem biyu ko uku. Da farko ƙananan wasannin Java ne, ana kuma yaɗa su ta Bluetooth. Da wayoyin Android masu araha irin su Tecno da Itel suka yawaita, sai Candy Crush Saga ta 2012, sai Ludo King da wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, ana ta harba su ta Xender ba tare da an ƙona data ba. Kasuwar ta ga masifa. Ranar 18 ga Nuwamban 2015 'yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bam a cikinta, aka rasa rayuka. A ranar Babbar Sallah ta 2025 gobara ta cinye shaguna masu yawa. Duk da haka 'yan kasuwar sun dawo sun buɗe.

Abin da aka samu a wannan tafiya a bayyane yake: wasanni sun yawaita, sun yi kyau, sun shiga kowane aljihu. Abin da aka rasa ba a cika maganarsa ba. Mai dara yana iya juyawa ya ce wa majalisa wannan ƙa'ida ba ta yi ba, a sauya. Mai Whot ma haka. Amma wanda ke buga Candy Crush a Tarauni ba shi da bakin magana da wanda ya tsara ta. Wasa ya zo a rufe daga nesa, cikin harshen da ba nasa ba, da hotunan alewar da bai taɓa sha ba. Mutanen da kakanninsu suka gyara dara da hannunsu sun koma masu karɓa kawai. Wannan asara ce ta gaske, ko da ba ta da farashi a kasuwa.

Abin lura shi ne, a can inda ake ƙera wasannin, ƙananan masu ƙirƙira da ke aiki su kaɗai sun koma ga tsarin majalisa. Gabriele Cirulli, ɗan Italiya mai shekara 19, ya rubuta 2048 a ƙarshen mako ɗaya a watan Maris na 2014, ya kuma bar rubutun manhajar a buɗe, mutane suka yi ta fitar da nasu iri. Josh Wardle ya yi Wordle ne don abokiyar zamansa mai son wasan kalmomi. Ya sake ta ga jama'a a Oktoban 2021, masu bugawa 90 ne a farkon Nuwamba, zuwa farkon Janairun 2022 sun haura 300,000, kafin wata ya ƙare jaridar New York Times ta saye ta. Kalma ɗaya ce a rana, kowa da kowa iri ɗaya, gwaji 6. Dabarar nan ta 'yan akwatuna kore da rawaya da ake turawa abokai ba tare da an tona amsa ba, ba shi ya fara ta ba. Wasu masu bugawa a New Zealand ne suke yi da hannu, ya gani, ya saka ta cikin wasan. Ita ce kuma ta yaɗa shi. Mujallar Nikoli ma da wasannin da masu karatu ke aikowa ta ginu. Akwai kuma ɗaya gefen: Dong Nguyen na Biyetnam ya janye Flappy Bird a Fabrairun 2014 tana kan ganiyarta, saboda yadda ya ga ta kama mutane da kuma nauyin da hankalin duniya ya ɗora masa. Sauraron masu wasa aiki ne mai gajiyarwa, kuma mutum ɗaya yana da iyaka.

A Najeriya, Legas ce ta riga kowa. Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, da wasanni kan sauro da 'yan acaɓa. Amma Kano tana da nata darasin a kusa, a kan Zoo Road ɗin nan. Marubutan littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990 da kuɗin aljihunsu suka buga, suka saka adireshinsu a bango, masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙu, wani lokaci wasiƙun ke juya akalar kashi na biyu. Masu fim, tun daga Turmin Danya a 1990, haka suka taso, suna jin abin da 'yan kallo ke faɗa a shagunan kaset. Ba hukuma ce ta kafa waɗannan sana'o'i ba. Mutum ɗaya ne da abokansa, da kasuwar da ke gaya masa gaskiya a fuska.

Matashin da zai zauna yau a wani ɗaki a Daurawa ya ƙera ɗan ƙaramin wasa ƙwaƙwalwa yana da abin da waɗancan ba su samu ba. Manhajar ƙera wasa irin Godot kyauta ce. Akwai masu koyon rubuta manhaja a Jami'ar Bayero, da cibiyoyi irin CITAD da Startup Kano. Rajistar saka manhaja a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ko da yake biyan dala da katin naira ya wahalar da mutane na wasu shekaru. Akwai kuma wata ƙa'ida da Google ya kafa wa sababbin masu rajista a ƙarshen 2023: kafin a saki manhaja sai an samu masu gwaji sun riƙe ta kwana 14 a jere. Da farko mutum 20 ne, daga baya aka rage zuwa 12. Masu ƙirƙira a ƙasashe da dama sun koka da wahalar tara wannan adadi. A Tarauni, majalisar mai shayi ɗaya ta cika shi, kuma ba za su ɓoye masa ba in mataki na 7 ya yi tsauri ko launin bai fita a rana ba.

Wahalhalunsa na daban ne. Wayoyin masu wasansa ba su da wadataccen wuri, don haka wasan da ya yi nauyi shi za a fara gogewa in ana son ɗaukar hoton biki. Dole ya yi aiki ba data. Kuɗin talla a kan mai kallo na Najeriya ƙanƙane ne in an gwada da na Amurka, kuma in bai toshe tallan caca da na batsa ba, iyaye za su raba yara da wasan cikin mako guda, su kuma yi daidai. Teburin mai tura zai iya kai wasansa Haɗeja da Maraɗi ba tare da ya biya ko naira ba, amma ta wannan hanya ba zai san mutum nawa ke bugawa ba, ba kuma zai iya aika musu gyara ba sai ya saka lambar WhatsApp ko wata ƙofa a cikin wasan da za su same shi.

In kuwa wasan kalmomi ne da Hausa, akwai shawarwarin da ba zai iya yankewa shi kaɗai ba. Shin “ts” da “sh” gida ɗaya za su ci ko biyu? “Gyaɗa” baƙi 5 ce ko 4? Yawancin mutane suna rubutu a waya ba ƙugiya, alhali “kasa” da “ƙasa” ba abu ɗaya ba ne, haka “bari” da “ɓari”. A Najeriya ana rubuta 'y, a Nijar ƴ. Kalmar da Bakano ke ɗauka kowa ya sani, Basakkwace yana da tasa. Wardle ya fara da kalmomi kusan 12,000 masu baƙi 5, abokiyar zamansa ta tace su zuwa wajen 2,300 da ta tabbata mutane sun sani. Mai yin na Hausa yana da ƙamusun Bargery na 1934 mai kalmomi kusan 39,000, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, amma da yawa daga kalmomin Bargery na saƙa ne da kayan doki da sunayen ciyayi, waɗanda yaron da ya tashi a Kundila bai taɓa ji ba. Sai an zauna da jerin, da ɗalibar sakandare da tela da malamin Hausa da wata gwaggo daga Darmanawa, ana karanto kalma ɗaya-ɗaya, ana ware wadda za ta shiga wasan yau da kullum da wadda za a ajiye wa gwanaye.